Jinin da Ƙanena Ya Hana a Ɗiba

Shekarar da tumaki suka yi ta ɓari, ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi shekaru ina yawon neman abinci, daga Bur Sudan zuwa Jidda, daga baya Abeshe da Injamena, har Kano na taɓa zama na ɗan lokaci, sannan gwiwa ta gaji na komo ƙauyenmu da ke bakin bahar, wato babban kogi, kudu da Sinja. Na tarar da ƙanena yadda na bar shi, sai dai furfura. Shi bai taɓa wuce Madani ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Idan na ɗauko labarin wata ƙasa sai ya ce, "Yaya, duk inda ka je dai tuwo ka nema, ga shi kuwa a gida ka baro shi."

Shi ne mai wuƙar ƙauyen. Ba mahauci ba ne, noma yake yi kamar kowa, dawa da riɗi da ɗan lambu a gaɓar ruwa, amma hannunsa aka yarda da shi. A wurinmu idan dabba ta faɗi ba a jira ta mutu. Sai a ƙwala masa kira, ya bar abin da yake yi ya zo ya yanka tun da sauran rai, kada ta zama mushe. Daga nan a yi watanda, a kasa naman kashi-kashi a kan buhu, kowane gida ya ɗauki nasa ya ba mai dabbar abin da ya sawwaƙa, don kada hasarar ta zauna a wuyan mutum ɗaya. Wanda ya ƙi ɗaukar kashi, ko da bai da sha'awar nama, za a daɗe ana tuna masa. A karantinar Bur Sudan, inda ake tsare dabbobi a duba su, na ga ana ware tunkiya mara lafiya a ƙone ta, mai ita yana tsaye ba wanda ya ce masa sannu. Ban ga inda ake raba wa juna hasara kamar a garinmu ba, kuma har yau bakina bai iya kiran al'adar nan mummuna ba.

Daminar ta yi ruwa fiye da kima. Bahar ya cika ya haura, da ya janye ya bar tafkuna a bayan gidaje, sauro kuwa in magariba ta yi sai ka ce hayaƙi. Makiyayan da ke bi ta hanyar Dinder ne suka fara kawo labari cewa tumakinsu suna zubar da ciki. Ba a jima ba namu suka kama. Ka fita da safe ka tarar da tunkiya tsaye da mataccen ɗa a ƙarƙashinta, ta kusa da ita ma haka. Mata suna sa hannu suna taimaka musu, suna kwashe abin da ya fito. Ƙananan raguna suka fara faɗuwa, sai shanu. Wuƙar ƙanena ba ta bushe ba, nama ya yi yawa har ana yanyanawa ana shanyawa a igiya.

Sai zazzaɓi ya shigo wa mutane. Muka ce malariya ce, tunda lokacinta ne. Aka yi ta allurar kinin ba ta yi komai ba. Yawanci mutum ya kwanta 'yan kwanaki ya tashi, amma wasu idonsu ya yi rawaya, jini ya fara fita ta hanci da dasashi, kuma waɗannan ba su tashi ba. Mun binne mutum uku ko huɗu kafin matar ƙanena ta kwanta.

Tana kwance ne mota ta zo daga Madani. A ciki akwai wata likita, mace mai matsakaicin shekaru, da ma'aikata biyu riƙe da akwati mai ƙanƙara. Shehun ƙauye, wato mai gari, ya tara mutane a gindin bishiyar ƙofar masallaci, ya ce in tsaya kusa da ita in yi tafinta saboda tsofaffin mata, waɗanda Larabcinsu na cefane ne kawai. Maza duk suna ji.

Likitar ta yi magana a hankali, kamar wadda ta saba a ƙi ta. Ta ce abin da ke damunmu ba malariya ba ne, don an duba jinin mutane a madubi a wasu garuruwa ba a ga ƙwayarta ba. Tana zaton fairus ne, ƙwayar cuta ƙanƙanuwa wadda madubin asibiti ba ya kamawa, kuma tana zaton daga dabbobi take, don haka a daina yanka marasa lafiya. Amma zato ne, ba za ta rantse ba. Hanyar sani ɗaya ce, a ɗebi jinin wanda zazzaɓin ke jikinsa yanzu, a kwanakin farko, don bayan haka ƙwayar takan ɓace daga jini. A sa shi a ƙanƙara a kai Hartum, daga can jirgi ya kai shi wata ƙasa inda ake da na'ura. Kowace ƙwaya, in ji ta, tana ɗauke da rubutunta a cikinta, dogon layi na haruffa huɗu kacal da ke ta sauya wuri, kuma na'urar tana bin layin nan harafi bayan harafi. Idan an gama sai a gwada da na waɗanda aka taɓa karantawa a duniya, a san sunan cutar, a san danginta, har a san ƙasar da kakanninta suka taso.

Na juya maganar zuwa Hausa yadda ta faɗe ta, ban ƙara ba ban rage ba. Ni abin ma burge ni ya yi. Ya tuna mini da malaman da na zauna gabansu a Makka, masu bin ruwaya daga baki zuwa baki har su kai ta ga wanda ya fara faɗa.

Ƙanena ya fara da maganar yanka. Ya ce ba zai bar dabbar maƙwabci ta mutu mushe a kan zato ba, a kawo masa sunan cutar, ranar nan zai ajiye wuƙa. Mutane suka gyaɗa kai. Sannan ya gyara tsayuwa ya yi mata tambaya da Larabci, bai bi ta kaina ba.

"Ya daktora, na'urar da ta san kakan ƙwayar da ido ba ya gani, kakan mai jinin zai gagare ta?"

Ta ɗan yi murmushi ta ce ba shi suke nema ba.

"Ban tambaye ki abin da kuke nema ba. Abin da take iyawa na tambaya."

Da maƙaryaciya ce da ta ce ba ta iyawa, an wuce wurin. Sai ta ce akwai masu irin wannan aikin a duniya, amma ba nasu ba ne, kuma ba za a yi shi a kan jininmu ba. Rabin farko na maganar kawai aka ji. Na ga tsofaffi suna neman takalmansu.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce wauta ce. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato yana nufin Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin bahar ɗin nan, ya kafa bukka. A nan aka haifi ubanmu, ya tsufa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira wajen Hasahisa. A nan aka binne cibiyarmu. Duk da haka ranar da ɗayanmu ya je neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, sai a dubi fuskarsa a ji ƙabilarsa a ce ya kawo wanda ya san kakansa, ya kawo shaidar shekarar da ya shigo. Ƙanena ya yi shekaru yana zirga-zirga kafin tasa ta fito. Kuma duk lokacin da annoba ta faɗo, tun zamanin iyayenmu, ba a rasa mai cewa Fallata ne suka kawo ta daga yamma, sunan da suke kiranmu ke nan. Mahaifiyarmu tana ba da labarin yadda aka taɓa tsare su a bayan gari, aka aske musu kai aka dafa tufafinsu. Ni a Kano ɗan Sudan suke ce mini, suna dariyar Hausata wai ta kakanni ce. A Jidda Takari ne ni. Waɗannan ba su dame ni ba, don baƙo nake a can. Wanda ke ciwo shi ne na gida.

A lokacin kuma takardun ɗan ƙanena suna ofis a Sinja. Ya ci jarrabawa, jinsiyya kawai yake jira ya shiga jami'a, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan. Tsoron ƙanena biyu ne. Kada a karanta jinin uwar yaron a rubuta cewa ba 'yar nan ba ce. Kuma kada a karanta ƙwayar a ce kakanninta daga yamma suke, a ɗora mana ita mu da jikokinmu.

Washegari da hantsi na je gidansa. Motar ba ta tafi ba, sun kwana a makaranta. Muka zauna a rumfa yana wasa wuƙa, matarsa tana ɗaki muna jin nishinta. Na ce masa ya yi alkawari gaban mutane in an kawo suna zai ajiye wuƙa, to sunan yana cikin ɗakin nan, a jijiyar matarsa, kuma kwana kaɗan ya rage ya ɓace. Na gaya masa an soke ni da allura a ƙasashe da yawa ba abin da ya same ni.

"Kai ka saba miƙa hannu, Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "A kowace iyaka a soke ka a ba ka katin rawaya na rigakafi ka wuce. Kai mai wucewa ne. Ni a nan zan zauna bayan sun karanta."

Na ce to ni ma na dawo zama, kuma jininmu ɗaya, na riga na je na miƙa nawa. Ya tambaya ko sun ɗiba. Na ce a'a, likitar ta ce jinin mai lafiya ba ya ɗauke da abin da suke nema. Ya yi dariya har ya ajiye dutsen wasa wuƙar.

"Ka ji ko. Harshe biyar a baki, an ce babu abin karantawa a jikinka."

Sai muryar matar ta fito daga ɗaki, ƙasa-ƙasa, don ba ta saba magana ina wurin ba. Ta ce in don ita ne a ɗiba. Ya juya wajen ƙofar ya ce ba don ita ba ne, don yaron ne. Ya ɗauki dutsen ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Abin da ƙanena ya yi shi ƙauye ya yi. Masu marasa lafiya suka saki labule, shehu ya gaya wa likitar cewa alhamdu lillahi kowa ya sami sauƙi. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Suka ɗora akwatinsu a mota yadda suka zo da shi.

Matar ƙanena ta tashi, amma ba duka ba. Zazzaɓin ya sauka ya bar mata wani duhu a tsakiyar ido. Tana ganin gefen abu, ba ta ganin abin da ta kalla. Idan ka yi mata sallama sai ta karkata kai kamar kaza tana neman ka ta wutsiyar ido. Ƙanena ya kai ta wurin masu tofi, ya sayo kwalli daga Sinja, kuma ya ci gaba da amsa kira. Na ƙarshe saniyar wata gwauruwa ce, ita ke nan gare ta. Ya yanka, ya feɗe da kansa don masu taya shi sun kwanta, jini har gwiwar hannu. Ya bi gida-gida da kason don a taimaka mata. Ni ma na karɓi nawa.

Bayan 'yan kwanaki ya ce kansa na sara. A makon ne rediyo ya faɗi sunan cutar, daga jinin da aka samu a wasu ƙauyuka na Jazira waɗanda ba su saki labule ba. Hummal wadil mutasaddi'i, zazzaɓin wani kwari mai nisa da ba wanda ya taɓa jin labarinsa a cikinmu. Aka ce daga jinin dabba mara lafiya da abin ɓarinta ake ɗauka, da kuma cizon sauro. Na kai masa labarin yana kwance a kan gadon igiya. Ya ce a ɗauko wuƙar a sa a ƙasan akwati. Ya cika alkawarinsa, sai dai idonsa ya riga ya yi rawaya.

A bayan wata motar ɗaukar kaya muka kai shi asibitin Sinja, na riƙe kansa a cinyata saboda ramuka. An ware ɗaki guda don masu wannan ciwon, kuma likitar nan tana ciki, hanci da baki a rufe. Ta gane shi. Shi ma ya gane ta ta ido. Ya goge bakinsa da gefen rawani ya nuna mata jan da ke jiki.

"Daktora, ga shi na kawo miki da kaina. Har zuba yake, ba sai kin wahala ba."

Ba ta yi dariya ba, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce sunan cutar an sani yanzu, ba dole ba ne ya bayar, amma suna tara jini daga wurare daban-daban don a gane hanyar da ta biyo. Ya tambaye ni da Hausa ko takardar yaron ta fito. Na ce tukuna. Ya ce ya yanka wa mutane cuta ya raba musu kashi-kashi, yana so ya san ta wace ce. Ya zaro hannunsa daga mayafi ya miƙa mata, ya kau da kai, don duk jinin da ya zubar a rayuwarsa bai taɓa son ganin allura ba.

Da ta fita da kwalbar ya kamo rigata.

"Yaya, ka bi sawu. Ka tambaye su daga ina ta zo. In tamu ce, ka haɗiye, kada ko matarka ta ji. In ba tamu ba ce, ka faɗa a ƙofar masallaci."

Na ce zan yi. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba. An sa masa ruwa, an nemo jini an ƙara masa, yana shiga yana fita. Ya cika da rana tsaka, ana kiran azahar a masallacin kasuwa.

Sai bayan an gama girbi, zafi ya fara, na shiga mota zuwa Madani. Na yi ta tambaya daga wannan ofis zuwa wancan kafin na same ta a wani ƙaramin ɗaki mai fanka. Ta yi mini ta'aziyya, ta aika a kawo shayi. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna mini wani zane kamar bishiyar da aka kwantar a gefenta, rassa suna fita daga rassa, kowane ƙarshe da lamba. Ta ɗora farce a kan wani ɗan tsinke ta ce wannan ne na ƙanena. Na kusa da shi na mutanen Jazira ne da na Farin Bahar. Ta bi reshen baya da yatsa ta ce danginsu na kusa an karanta su ne a dabbobi da mutane can kudu maso gabas, ƙasashen makiyaya na bayan iyaka. Ko da dabbobi ta shigo, ko ta daɗe a ƙasar tana kwance cikin ƙwan sauro tana jiran shekarar ruwa, wannan ba ta sani ba tukuna. Na ce yamma fa. Ta ce babu abin da ya haɗa wannan reshen da yamma.

Na riƙe kofin shayin ban sha ba. Sannan na yi mata tambayarsa ta farko, ta gindin bishiya. Na ce to shi mai jinin, me na'urar ta faɗa a kansa.

Ta ce a ɗigon jini rubutun mutum ya ninka na ƙwayar nesa ba kusa ba, har yana rufe ta, don haka aikin farko shi ne a raba su. Abin da ya tsallake na mutum kuma ana share shi ba tare da an duba ba, don cika musu wuri yake yi. Ko sunansa bai bar Hartum ba, lamba ce kawai a jikin kwalba. Ta ce da ta san yadda za ta faɗi haka a ranar nan da ta faɗa, ta yi ta tunanin abin.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na faɗa, da Hausa sannan da Larabci don samari. Na ce saƙon mamaci ne. Na ce cutar ba tamu ba ce, ba daga yamma ta zo ba, kuma ba a karanta asalin kowa ba. Mutane suka ce Allah ya jiƙansa. Wani ya tambaya ko yanzu an halatta yanka, tunda ciwon ya wuce kuma ba a sami wanda zai riƙe wuƙa ba. Rana tana da zafi, aka watse. Takardar yaron ma ta fito a lokacinta, bayan an kai shaidu biyu kamar yadda aka saba, ba wanda ya yi zancen jini.

Daga masallaci na wuce gidan ƙanena. Matar ta fita takaba, tana zaune a rumfa da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga dawa da yatsu. Na tsaya daga nesa kaɗan na yi sallama, ta karkato kai. Na gaya mata duk abin da likitar ta ce, bishiyar da rassanta da kudu maso gabas. Ta saurara hannunta bai tsaya ba.

"Shi fa, Yaya Alhaji, me suka gani a kansa?"

Na ce ba su duba ba.

"Ko kaɗan?"

Na ce ko kaɗan, sharewa suke yi.

Yatsunta suka tsaya a cikin dawar. Ta ce, "Ashe da an ɗebi nawa ranar nan," ba ta ƙarasa ba, ni kuma ban ƙarasa mata ba. Kaji suka zo suna tsattsagar abin da ta zubar. Daga baya ta ce in duba mata ko inuwa ta kai gindin katanga, don tun da idon ya tafi la'asar takan wuce ta ba ta sani ba. Na duba na ce da saura kaɗan.